Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta masu noman irin wake da gyaɗa, Damagaram

Ƴan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

Aikin kwamiti na bana ya karkata ne ga tambayar da kuka fi yi a taron bara: me ya sa a gona ɗaya, ruwa ɗaya, wani wake ya fito da ƙarfi, wani a raunane, wani ya ƙi fitowa sam? Amsar tana cikin ƙwayar, kuma a kanta aka gina horon da aka yi da rani.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Gyaɗa ma haka take, waken soya kuwa ya kusa kashi 40 cikin 100. Wannan furotin guzurin ɗan tsiro ne, an ajiye masa cikin ɓari biyun nan da ake gani in an ɓare ƙwaya. A wake mafi yawansa nau'in da masana ke kira bisilin ne, a gyaɗa arakin. Da ƙwaya ta sha ruwa, sai wasu sinadarai su farka su daddatse shi, su aika wa saiwa da ganyen farko. Wake yana samun azot, wato sinadarin da shuka ke haɗa furotin da shi, daga iska ta ƙulle-ƙullen da ke saiwarsa, amma ba su kama aiki sai bayan mako biyu zuwa uku. Kafin nan guzurin ne ke ɗauke da tsiro, shi ya sa ɓarin ke yamushewa ya faɗi. Ƙwayar da ba ta cika ba, ko wadda ƙwaro ya huda, guzurinta kan ƙare tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Kafin shuka an gwada irin da mambobi suka kawo. Ana ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera cikin jiƙaƙƙen yashi ko buhun algarara, a ajiye a inuwa, a ƙirga tsiro ran kwana 5 da ran kwana 8. Kuskuren da aka fi gani shi ne tsince masu kyau a gwada, sannan a shuka buhun gaba ɗaya. Na biyu, yawan ruwa har ƙwaya ta ruɓe, a ɗora wa iri laifi.

Da damina an zagaya gonakin irin wake TN5-78 da IT90K-372-1-2 a wajen Miriya, Matamaye da Magariya. An tumɓuke saiwa an tsaga ƙulli da farce: in cikinsa ja ne, yana aiki, in fari ne ko kore, ba ya ba shuka komai. Abin da ya fi damun kwamiti shi ne yankan harawa da wuri. Lokacin cikar ƙwaya, shuka na kwaso azot daga ganye tana zubawa cikin kwanso, dalilin da ganye ke yin rawaya ke nan. Wanda ya yanke ganye ɗanye don ya sami kuɗin harawa ya tsinke wa ƙwaya abinci. A gonar iri wannan bai dace ba, komai tsadar harawa a kasuwar Dole. Ɗaukewar ruwan sama a wannan lokaci ma ƙwaya marar cika take bari.

Wani ɓangaren furotin ɗin makami ne: yana hana hanjin ƙwari narkar da abinci. Sai dai ƙwaron wake ya saba da shi. A cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan an gano wani wake, TVu 2027, mai jinkirta girman tsutsar, amma jinkiri kawai yake yi. Cikin zafin nan namu ƙwaron na kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba a mako uku zuwa huɗu, don haka ajiya ce kariya. An maimaita koyar da buhun PICS na jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu masu kauri cikin buhun saƙa. A shanya wake ya bushe sosai, a sheƙe, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron na shanye iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu. Buhunan da suka lalace, ko ɓera ne ya huda, ko tsinke ya rage cikin waken, ko ana buɗewa ana ɗiba kullum. A ɗora buhu kan katako, nesa da bango.

Mata mambobi sun yi zama ɗaya kan girki. Sinadarin nan mai hana narkewa zafi ke kashe shi, saboda haka a dafa wake ya nuna sarai, musamman na kunun yara. Wake da hatsi kuma suna cike gurbin juna wajen gina jiki.

Kafin taro mai zuwa, kowane mamba ya kawo rabin tiya daga buhun irinsa, da sunan iri da watan girbi a rubuce. Za a ƙirga masu huji, a sake gwajin tsiro wata ɗaya kafin ruwan shuka.

Kwamitin gudanarwa