Yadda na kashe Auta da Turanci

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da amarya da yara, kuma sanyin Ingila bai ƙarasa sauran gashin kanka ba. Na san laifina ne, tun Babbar Sallah rabonka da jin ɗuriyata. Kada ma ka fara, kai ma saƙonka na ƙarshe hoton babban yatsa ne kawai. Akwai tambayar da nake son yi maka, ita ce ma ta zaunar da ni rubutu, amma bari ka fara jin abin da ya same ni daga bakina, kafin Yaya Babba ya riga ni ya zuba gishirinsa.

Auta ya gama bautar ƙasa. Ka san Abekuta aka tura shi, shekara guda cur yana koyar da lissafi. Ranar faretin sallama ya turo min hoto cikin kakinsa, ga takardar shaida a hannu, baki har kunne. Murna ta ɗebe ni na faɗa guruf ɗin dangi na WhatsApp. Maimakon in yi da Hausar da na gada, sai Shaiɗan ya raɗa min in yi da Turanci, saboda surukan nan namu na Abuja suna ciki. Na rubuta: "Alhamdulillah, our brother passed away today." Hoton da na haɗa ya ƙi tafiya, babu sabis. Na jefa waya a aljihu na tafi la'asar abina.

Ko da na fito daga masallaci, kira ya fi 20. Gwaggo ta riga ta yafa mayafi ta hau adaidaita sahu. Kawu yana tambayar ko a can za a yi jana'iza ko za a kawo shi gida. Wani bawan Allah har ya rubuta cewa hamdalar da na yi ta nuna ƙarfin imani, Allah ya ba kowa irin haƙurina. Shi kuwa mamacin yana can yana kwasar amala da abokansa, sai ga hotonsa a sitatus ɗin mutane, ana ta Allah ya jiƙan rai. Rufin asirin da na samu ɗaya ne, wayar Hajiya tana wurin mai caji. Da labarin ya riga gyaran isa kunnenta, da yanzu ni ake yi wa addu'ar uku.

Out na so in rubuta, away ta fito. Kalma ɗaya! Kawu ya ce tun 1973 da Gowon ya kafa bautar ƙasa bai taɓa jin wanda aka yi wa ta'aziyyar gamawa ba sai Auta.

Da dare kunya ta hana ni barci, na jawo ƙamus ɗin nan da ka bari a ɗakina, wanda ɓera ya cinye wa shafukan ƙarshe. Nan na ƙara shan mamaki. Ashe pass out ɗin ma da nake kuka a kanta, ma'anarta ta farko suma ce. Ta gama horo kuwa ta sojoji da 'yan sandan Ingila ce, daga can muka gada. Ka ga ko daidai na rubuta, wani ɗan Amurka in ya karanta cewa zai yi a yayyafa wa yaron ruwa. Pass on kuma tana iya zama mutuwa, tana iya zama miƙa abu ga na gaba. Pass up, barin dama ta wuce ka. Na ce to bari in leƙa put ko zan samu sauƙi, ashe na tsere wa ruwa ne na faɗa rijiya. Put off, ɗage abu zuwa wani lokaci. Put out, kashe wuta. Put up with, jure wa mutum mai halinka. Kai da kake aikin dare a asibiti, don Allah yaya kake yi? Look after mara lafiya jinya ce, look for shi kuwa ya tsere daga gado ke nan.

Af, kafin in manta, mai shayinmu ya ƙara aure. E, shi dai. Wanda ya rantse a gabanmu cewa shi da ƙari sai a lahira. Yanzu madararsa ta ragu a kofi, kowa ya san inda take tafiya. Kuma benci ɗinmu ya karye, sun maye gurbinsa da kujerun roba, hira ta daina daɗi.

To, a wurin shayin ne ma na huce. Ina ta zagin Turawa, ina cewa mutane sun ɗauki kalma ɗaya sun rataya mata wutsiya goma don su wahalar da bayin Allah, sai Malam na islamiyya ya ajiye kofi ya ce in fassara masa "ci" da Turanci. Na ce eat. Ya ce to wanda ya ci bashi fa, da miya ya ci? Wanda ya ci kasuwa, da wanda ya ci amana, da wanda ya ci zaɓe, da wanda ya ci mutuncinka, da wanda ya ci gaba da tafiyarsa? Ya koma kan "sha": sha iska, sha kashi, sha alwashi, sha wuya. Ya ce kuma ita wuyar, a rubuce ina bambancinta da wuyan da ake rataya carbi? Gari na zama da gari na tuwo, kuka na jariri da kuka ta miya, duk haruffa ɗaya, sai dai murya ta raba su. Wallahi na yi tsit. Mu ba mu taɓa haddace "ci amana" a matsayin ci da amana ba, dunƙule muka ji ta tun muna goye. Ni kuwa shekara da shekaru ina haddace pass daban, away daban, ina jiran su haɗu su ba ni ma'ana. Yanzu na sayi ɗan littafi, kowace na tsinta sai in rubuta ta a cikin jimlarta sukutum.

Na buɗe shafi guda na 'yan biyu masu kama. Advice ita ce shawarar, advise ba da ita, ta farko da sautin s, ta biyu da z. Lose rasawa, loose sako-sako. Stationery kayan rubutu, stationary tsayawa cak, kuma allon shagon maƙwabcinmu tun da aka kafa shi ta biyun yake ɗauke da ita, ciniki ma ya bi sunan. Borrow da lend ma na gano inda muke zamewa, "ara mini" muke juyawa kai tsaye. Ban saka full da pull ba, na bar maka su. Ko har yanzu kana neman kofi a wurin mai buga takardu, kwafi a wurin mai shayi? Ka tuna ranar muhawara a aji biyar? Ni dai ban ce komai ba.

Gajerun haruffan nan ma ba su bar ni ba. Da na ce wa Yaya Babba an yi POP ɗin Auta, cewa ya yi yaushe yaron ya gina gida har ya kai silin. Shi plaster of Paris ya sani, ni kuma passing out parade nake nufi. RSVP da muke lafta wa katin biki da jerin lambobin waya, wani ɗan Maraɗi da ke kawo wa maƙwabcinmu kaya ya ce min Faransanci ne, roƙo ne kawai a ba da amsar gayyata, ba shinkafa da miya mai yawa ba kamar yadda muke faɗa a makaranta. I.e. da e.g. kuwa Latin ne, ta farko "wato", ta biyu "misali", ni kuwa duk wadda ta fara zuwa hannuna ita nake sakawa. Hatta a.m. da p.m. ashe kafin zawali da bayan zawali ne.

Yanzu rigimar da ake ciki, ɗaya daga surukan Abuja ya riga ya turo kuɗin gaisuwa kafin in goge saƙon, kuma ya ce kunya ba za ta bar shi ya karɓa ba. Auta ya ce nasa ne tunda shi ya mutu. Ni na ce nawa ne tunda ni na sha wahalar sanarwa. Hajiya ta karɓe ta ce za ta ajiye har a sasanta, ka san ma'anar wannan.

Tambayar da na ce zan yi maka ta shige min, in ta dawo zan kira. Ka gaishe da amarya, ka shafa min kan yara. Auta yana gaishe ka daga lahira.

Naka har kullum,
Mai ɗakin zaure