A Kula da Gyaɗa da Masarar da Suka Yi Fumfuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin manoma da matan gida kan wani abu da muke rainawa a lokacin kaka, wato fumfunar da ke kama gyaɗa da masara.

Ba dukkan ƙananan halittun da ido ba ya gani ne abokan gaba ba. Su ne suke mai da kalwa daddawa, su mai da madara kindirmo, kuma duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ya ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarta. A cikinsu ne wasu ƙwayoyi suke zaune suna jawo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa dawar da aka shuka a gurbin gyaɗa takan yi kyau.

Sai dai wannan gyaɗar, idan aka shanya ta a ƙasa raɓa ta sauka a kanta, ko aka ɗura ta a buhu ba ta gama bushewa ba, wata fumfuna takan kama ta, ta zuba mata dafin da masana ke kira afulatoksin. An gano shi ne bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin tunkuzar da aka kawo daga Barazil. A 2004 kuma gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne girki da suya ba sa kashe wannan dafi, kuma idan ana cinsa kaɗan-kaɗan yakan kai ga sankarar hanta, ana kuma danganta shi da tsumburewar yara.

To amma me muke yi a kasuwanninmu, daga Sabon Gari har Samaru? Gyaɗa mai kyau a ware ta a sayar da tsada, wadda ta yanƙwane ko ta yi ɗaci kuwa a karyar da ita ga masu ƙuli-ƙuli, ko a zuba wa dabbobi, alhali dafin yana bi ta nonon saniya ya dawo ƙwaryar furarmu. Arahar nan talaka da 'ya'yansa ne suke biyan kuɗinta da lafiyarsu.

Abin sha'awa, maganin ma fumfuna ce. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, wato IITA, da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wato ƙwayar dawa da aka shafa wa irin fumfunar da ba ta da dafi. Ana watsa kilo 10 a hekta makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai ta mamaye gonar ta hana mai dafin wurin zama. Tunda Cibiyar Binciken Aikin Gona tana nan Samaru a ƙofar gidanmu, ina roƙon malaman gona da gidajen rediyo su yi wa manoma wannan bayani da Hausa, tare da jaddada shanya a kan tamfol da tsince lalatattun ƙwayoyi kafin amfanin bana ya shiga rumbu.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Samaru, Zariya