Zuwa ga mutumina na Yamai, kan maganar yaron nan da takwando

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya maman yara da ƙoƙari, ya zafin Yamai. Mu nan Kano lafiya lau alhamdulillah sai dai tsadar kaya da kowa ke fama da ita.

Na ji saƙon muryar da ka turo min ranar Talata, minti tara cur, har sau biyu na saurara kuma na ga ba maganar da zan amsa a tsaitsaye ba ce shi yasa na bari sai yanzu da aka yi isha'i yara suka kwanta na zauna na rubuto maka a natse. Kace babban yaronka ya matsa sai an sa shi a takwando, wasan faɗan nan na harbi da ƙafa, kai kuma gabanka na faɗuwa saboda dama yaron akwai zuciya, sau biyu ana kiranka makaranta a zangon nan kan faɗa, kana tsoron kar ka ɗauki mai neman rigima ka ƙara masa makami. Wallahi na fahimce ka, kuma na san dalilin da yasa ni ka tambaya ba wani ba, don kai ne shaida kan irin zuciyar da nake da ita muna samari.

Amsata a taƙaice ita ce ka sa shi. Amma bari na faɗa maka dalili da kuma sharaɗi, don akwai sharaɗi.

Ka tuna ranar da muka dawo daga kallon dambe na fasa wa yaron nan baki a bakin famfo kan maganar da bata kai ta kawo ba, mahaifiyarsa ta zo har gidanmu tana kuka da rigarsa duk jini a hannunta. Har gobe in na tuna fuskar matar nan sai naji ba daɗi. Abin da na gane daga baya shine a lokacin ba jarumta ke damuna ba, tsoro ne, tsoron kar ace an raina ni, kar ace na kasa. Kuma abin mamaki su 'yan damben da muke kwaikwayo ba haka suke ba. Mutum ya ɗaure hannu da zare, ga makaɗa na zuga shi ga kirari, a shiga turmi uku, da zarar gwiwa ko hannun wani ya taɓa ƙasa an yi kisa shikenan magana ta ƙare, ba mai ƙara bugun wanda ya faɗi, sau da yawa ma wanda yayi kisan shi zai miƙa hannu ya ɗaga ɗan uwansa. Mu naushin kawai muka ɗauko muka baro dokar a can fili.

Yanzu shekarata huɗu ina judo, wata irin kokawa ce ta Japanawa, na fara ina da shekara 34, kasan dalilin ciwon baya ne da ƙiba likita yace na nemi motsa jiki. Ranar farko naje da zumuɗin a koya min yadda zan ɗaga ƙato na maka da ƙasa. Koci ya kalle ni yace kwanta. Sati shida ba abin da nake sai faɗuwa, faɗuwa ta baya, ta gefen dama, ta gefen hagu, ta gaba da mirginawa, ka manna haɓarka a ƙirji kar ƙeyarka ta bugu, ka daki tabarma da tafin hannu da damtse a daidai lokacin da bayanka ke sauka don ƙarfin bugun ya watse, ka tashi ka sake, ka tashi ka sake. Su Japanawa ukemi suke ce masa. Na kusa daina zuwa wallahi don gani nake ɓata min lokaci ake. Sai ranar da aka fara haɗa mu gwaji, aka haɗa ni da wani yaro ɗan sakandare wanda na tabbata na ba shi kilo talatin, na ture shi da iya ƙarfina, ban san me ya faru ba sai ganin rufin kwano nayi a samana. Ya kayar dani sau biyar a minti huɗu. Kuma duk kayarwa yana riƙe da hannun rigata yana ɗan ja sama don kar kaina ya bugu. Wannan riƙon hannun rigar shi ya tsaya min a rai fiye da kayarwar.

To ka ga mutumin da ake kayarwa sau ashirin sau talatin a yamma ɗaya a gaban mutane, ya tashi ya gyara ɗamara ya ce na gode a sake, a hankali wannan tsoron kunyar da ke sa mu faɗa sai ya mutu. Ka san gaba da gabanta a jikinka ba a baki ba.

Wanda ya kafa judo sunansa Jigoro Kano, eh Kano kamar garinmu, kullum yaran wajen mu sai sun yi maganar sunan nan. Mutum ne ƙarami marar jiki wanda aka riƙa cin zalinsa a makaranta shi yasa ya nemi koyon jujutsu, tsohuwar dabarar faɗa ta Japanawa, daga baya a 1882 ya buɗe makarantarsa Kodokan a Tokyo, a wani ɗan ɗaki mai tabarma 12 da ɗalibai 9 kacal. Ya cire dabarun da ke karya mutum ko kashe shi daga cikin gwajin yau da kullum don mutane su iya gwabzawa da gaske ba tare da an nakasa kowa ba. Kalmar judo ɗin ma ma'anarta hanyar sassauci, wato in an turo ka kar ka tura, ka ja, in an ja ka ka bi ka tura, ƙarfin mutum shi zai kai shi ƙasa. Ya bar ƙa'idoji biyu, ɗaya kar ka ɓarnatar da ƙarfi inda ba buƙata, ɗaya kuma kai da abokin karawarka ku amfani juna. Akwai wani labari da kocinmu ke yawan bayarwa kuma naga hoton bidiyon da idona, a gasar Olamfik ta 1964 a Tokyo, shekarar da judo ta fara shiga, wani ƙato ɗan ƙasar Holan Anton Geesink ya danne gwanin Japan Akio Kaminaga a wasan ƙarshe a gaban mutanensa, 'yan ƙasarsa suka taso da murna za su hau tabarma, shi kuwa ya ɗaga hannu ya tsayar dasu, sai da aka yi gaisuwar girmamawa tukunna. A lokacin da ya fi kowane lokaci daɗi a rayuwarsa hankalinsa na kan mutuncin wanda ya kayar.

Bari na baka abin da ya faru dani da azumin bara, ban taɓa faɗa maka ba. Ina kan mashin wajen Kantin Kwari ana dab da shan ruwa kowa na sauri, wani mai adaidaita sahu ya yanko ya goge ni har madubina ya karye, kafin na buɗe baki ya fito yana zagi wai ni na shigo masa, ya zo ya ci kwalata da hannu biyu yana jijjiga ni, har ya ambaci mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Mutumina, wanda yake judo in ka ci kwalarsa ka kawo kanka gida ne, don abin da muke yi kenan kullum. Hannuna da kansa ya tashi ya kama gwiwar hannun rigarsa, ina jin duk nauyinsa ya tattara a ƙafar dama, ƙafar hagu tana shawagi, shara ɗaya kawai zan yi. Sai idona ya sauka a bayansa na ga bakin kwalbati na siminti daidai inda ƙeyarsa zata sauka, kuma na san wannan bawan Allah bai taɓa koyon faɗuwa ba ko sau ɗaya, bai san ya manna haɓa ba. A ƙasan nan ba tabarma. Na ga gawa, na ga ofishin 'yan sanda, na ga 'ya'yansa da nawa. Duk wannan bai fi daƙiƙa biyu ba.

Na saki rigarsa na sauke hannuwana ƙasa inda kowa zai gani, na ja numfashi ta hanci yadda muke yi in an danne mu, nace Malam kayi haƙuri azumi muke. Ya ƙara zagi biyu, da yaga ba abin turawa sai hannunsa ya saki da kansa, mutane suka shiga tsakani kowa ya kama gabansa. Naji wani a gefe yana cewa ƙaton banza ya tsorata. Da da ne wannan kalmar kaɗai ta isa na koma. Na hau mashin jikina na rawa, ba zan ɓoye maka ba raina ya ɓaci ƙwarai har na kasa cin abinci sosai da aka sha ruwa, zagin uwa ba wasa ba ne. Amma na kwana a ɗakina shi ma ya kwana a nasa. Madubi kuwa washegari na sa wani.

Hadisin nan da muka haddace tun a islamiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, cewa mai ƙarfi ba shine mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shine mai mallakar kansa lokacin fushi, na daɗe da saninsa a ka amma sai ranar na ji nauyinsa, saboda ranar ina da ikon kayarwar a hannuna.

Yanzu maganar sharaɗi. Ba kowane waje ne zaka kai yaro ba. Kaje da kanka ka zauna ka kalli tirenin ɗinsu sau biyu ko uku kafin ka biya ko dala. Ka duba yadda kocin ke yi wa yaron da ya fi kowa rauni, ba yadda yake yi wa gwaninsu ba. In kaga yana dukan yara da sunan horo, ko yana barin manya su huce a kan ƙanana, ko yana cika baki da labarin mutanen da ya daka a titi, ka ɗauke ɗanka ku tafi. Ka duba suna da kayan kariya, hular kai da rigar ƙirji da na ƙwauri da robar baki, don takwando harbi ne da ƙafa har a ka, ba kamar namu ba. Sannan ka faɗa wa kocin gaskiya a gaban yaron cewa yana faɗa a makaranta, ku yi yarjejeniya ku uku, ranar da ya taɓa wani a waje an dakatar dashi wata guda. A wajenmu haka ake yi kuma naga yaran da wannan kaɗai ya gyara, don ba abin da suke tsoro kamar a hana su hawa tabarma.

Maganar sunkuyawar da ake yi wajen gaisuwa a tirenin da ka tambaya, nima ta dame ni da farko. Mu a wajenmu ɗan rusunar da kai ne kawai, wasu ma hannu suke sawa a ƙirji kuma koci bai taɓa takura kowa ba. Ka tambayi malamin da ka yarda dashi, sannan ka yi wa kocin bayani tun farko, a gari irin Yamai na tabbata ba kai ne na farko da zai kawo masa maganar ba.

Kuma ai ku a Nijar kuna da abin nuna wa yaro. Abdulrazak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a takwando a Olamfik ta Riyo a 2016, lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasar tun tagullar da Issaka Dabore ya samu a damben zamani a Munik a 1972, sannan a 2017 ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. Mu ma nan Chika Chukwumerije ya kawo tagulla a takwando daga Olamfik ta Bejin a 2008. Na san shi yasa yaran Yamai ke rububin abin, kuma ba laifi yaro ya samu wanda yake kallo.

Abu ɗaya da nake so ka dasa masa tun yanzu, kuma kar ka gaji da maimaitawa. Abin da ake koya a ɗakin tirenin na mutum ɗaya ne da mutum ɗaya, hannu ba komai, ga alƙali a tsaye. Titi ba haka yake ba. Kasan yadda masu ƙwacen waya suka addabe mu a Kano, wuƙa suke zarowa kuma ba su zuwa su kaɗai. Kocinmu mai baƙar ɗamara ne, wato ta ƙwararru, shekara da shekaru, amma da bakinsa yace mana in aka nuna masa wuƙa wayar zai miƙa, in ya samu hanya ya gudu. Yaro mai wata shida da fara tirenin shi ya fi kowa shiga haɗari don ya iya harbi biyu yana ganin ya gama, to a wannan lokacin ne zaka fi sa masa ido.

Kar kuma kayi tsammanin zai canza cikin sati biyu. Ni sai da na shekara biyu kafin maman yara tace min ta lura na daina ɗaga murya a gida, ni ban ma lura ba. Kuma ka zauna dashi ka ji me ke sa shi faɗan, ta yiwu akwai masu tsokanarsa ne yana jin nauyin faɗa maka, kasan yaran shekara 12 da zurfin ciki.

Ina da rigar ƙirji ɗaya da safar ƙwauri da wani abokin tirenin ya bani na ɗansa da suka yi masa kaɗan, suna nan da kyansu, in ka yanke shawara ka turo min tsayin yaron na gani ko za su yi masa, sai na ba direban Maraɗi ya miƙa wa ƙaninka shi kuma ya san yadda zai iso dasu. In ya fara ka ɗauko min bidiyonsa a ranar farko ina so na gani.

Ka gaida maman yara da kyau, ka shafa min kan ƙananan, shi kuma babban kace babansa na Kano yana gaishe shi kuma zan kira ranar Juma'a bayan masallaci mu yi magana ni dashi.

Naka har kullum,
abokinka na bakin famfo