Wasiƙa a kan otal ɗin da ƙanƙara ta rufe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya karatu, yaya sanyin Kanada? Mu nan Zariya hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, da asuba sai mutum ya yi ta maza kafin ya taɓa ruwan alwala. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka daina aiko mata da hotunan ƙanƙara, tausayinku suke sa ta ji.

Bayan haka, littafin The Shining da ka aiko ya iso hannuna lafiya. Dare tara na yi ina karanta shi bayan kowa ya kwanta, da na gama kuma na nemo fim ɗin na kalla har sau biyu, kamar yadda ka ce in yi. A saƙonka ka ce fim ɗin The Shining ya fi littafin nesa ba kusa ba, har ka ce ba ka ga dalilin da Stephen King, marubucin littafin, yake ta ƙorafi a kansa shekara da shekaru ba. Ni kuwa na ga dalilin, ina kuma tare da shi. Maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Bari in fara ba ka gaskiyarka. Fim ɗin da Stanley Kubrick ya fitar a 1980 ya tsorata ni ƙwarai. Wurin nan da yaron, Danny, yake tuƙa kekensa mai ƙafa uku a lungunan otal, kyamara tana biye da shi daga baya dab da ƙasa, tayoyin suna ƙara a kan katako, su yi shiru a kan kafet, su sake ƙara, wallahi numfashina ɗaukewa ya yi tun kafin ya sha kwanar da 'yan matan nan biyu suke tsaye. An ce da wata sabuwar na'urar riƙe kyamara a lokacin, Steadicam, aka ɗauki wurin, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Garrett Brown, shi ne da kansa ya riƙe ta a ɗaukar fim ɗin. Wannan tsoro na kunne ne da ido, alƙalami ba zai iya shi ba. Haka wurin da Wendy, uwar Danny, take buɗe tulin takardun da mijinta ya yi makonni yana bugawa a tafireta, ta tarar jimla ɗaya ce yake ta maimaitawa shafi bayan shafi. Wannan babu shi a littafin, kuma da ni ne King da na yi fatan ni na fara tunaninsa.

To amma abin da ya hana ni barci a littafin daban ne, kuma na neme shi a fim ɗin ban same shi ba.

Ka tuna wane ne Jack Torrance, uban Danny, a littafin. Malamin makaranta ne da aka kora saboda ya lakaɗa wa wani ɗalibi duka. Mashayi ne da ya tuba, yana ƙirga watannin da ya yi bai kai kwalba baki ba. Wata rana cikin maye ya tarar Danny, yana ɗan shekara uku, ya watsa masa takardun rubutunsa ya zuba musu giya, ya fizgo yaron da ƙarfi har hannu ya karye. Wannan ƙarar ƙashin ba ta bar kunnensa ba har ƙarshen littafin. Shi kansa ɗan mashayi ne, ya ga ubansa ya rufe uwarsa da duka da sanda a gaban abinci, kuma duk da haka yana ƙaunar uban. Aikin gadin otal ɗin Overlook na tsawon hunturu, a can cikin duwatsun Colorado, shi ne igiyarsa ta ƙarshe. Yana son matarsa, yana son ɗansa, yana so ya gyaru. Muna cikin kansa muna jin yadda otal ɗin yake lallaɓa shi a hankali, yana sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi: girman kai, jin an raina shi, ƙishirwar barasa. Kowane mataki da ya taka zuwa ga halaka sai ya kawo wa kansa hujja, kuma hujjar tana kama da gaskiya. Sau da yawa na sami kaina ina gyaɗa kai ina cewa ai yana da gaskiya, sai daga baya gabana ya faɗi da na gane abin da na yarda da shi.

A fim ɗin fa? Tun a mota, suna hawan dutse, ka dubi idon Jack Nicholson, ɗan wasan da ya fito a matsayin Jack Torrance, ka san wannan mutum ba lafiya ba. Girarsa kaɗai ta gama ba da labarin. Iyalinsa kamar kaya suke a wuyansa tun kafin su isa. Abin da King ya yi ta faɗa ke nan, cewa mutumin ya shigo fim da haukarsa, ba shi da inda zai faɗa. Ga shi kuma masu kallo na lokacin ba su daɗe da ganin Nicholson a fim ɗin gidan mahaukata na 1975 ba, wanda ya ci kyautar Oscar da shi. Idan mahaukaci ya ɗauki gatari, gudu za ka yi, shi ke nan. Idan kuwa uban da ka ga yana goya ɗansa, yana masa wasa, shi ne ya juye a gabanka sannu a hankali, tsoron yana zuwa ne a cakuɗe da tausayi, kuma wannan shi ne yake kwana da mutum.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Ka san babban ɗana ya shiga shekara biyar, daidai da Danny. A satin da nake karatun nan, ina zaune a tabarma ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina, ya zo da gudu ya ture kofin shayi a kansu. Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba. Allah ya taimake ni ban sauke shi ba, amma na ga yadda ya runtse ido ya noƙe wuya yana jira. A daren nan da na koma kan littafin sai na kasa ci gaba, na rufe shi na je na zauna kusa da shimfiɗarsa. Fim ɗin bai kai ni nan ba ko sau ɗaya. Na ji tsoron Nicholson, amma ban ga kaina a jikinsa ba. King kuwa ya sha faɗa da bakinsa cewa shi ma yana fama da shaye-shaye a shekarun da ya rubuta littafin, wanda ya fito a 1977, yana kuma da ƙananan yara. Mutum ya zuba abin da yake tsoro game da kansa a takarda, wani ya zo ya ɗauki ginin ya bar wannan a waje, dole ya ji ciwo.

Wendy ma an rage ta. A littafin mace ce mai tunani, tana auna zama da tafiya, tana da nata tabon daga uwarta, ta san abin da take tsoro tun kafin ya faru. A fim an bar Shelley Duvall, wadda ta fito a matsayinta, da kuka da ihu da rawar jiki. Ban ga laifinta ba, ta yi abin da aka sa ta, kuma firgicin da ke fuskarta a bayan ƙofar banɗaki na gaske ne. Sai dai matar da na sani a littafin ba ita ce wannan ba.

Akwai inda na fahimci uzurin Kubrick. Ka tuna shuke-shuken gaban otal da aka yi wa aski da siffar dabbobi, zakoki da kare da zomo? A littafin ba sa motsi sai ka kau da kai. Ka juyo, ka ga zakin ya matso, kana kuma shakka ko idonka ne. Wannan babi ya tuna mini da tatsuniyoyin da Inna take mana a tsakar gida. Ba ta taɓa gaya mana kamannin Dodo ba. Murya kawai take sauyawa, kowannenmu ya ƙera nasa Dodon daidai da tsoronsa, shi ya sa ba mai iya fita fitsari shi kaɗai. Littafi haka yake aiki, kai ne kake kawo rabin abin tsoron daga cikinka. Kyamara kuwa dole ta nuna, kuma duk abin da aka nuna ya sami iyaka. Kubrick ya gane haka, ya cire dabbobin ya sa lambu mai hanyoyi masu ɓatar da mutum. Dabara ce mai kyau. Hujja kuma ita ce, a 1997 King ya rubuta nasa fim ɗin na talabijin mai kashi uku, Mick Garris ya ba da umarni, aka ɗauke shi a otal ɗin Stanley da ke Estes Park, inda King da matarsa suka kwana a 1974 a ɗaki mai lamba 217 ana gab da rufe otal ɗin don hunturu, har labarin ya zo masa. A wannan an bi littafin sau da ƙafa, an nuna dabbobin suna tafiya da aikin kwamfuta. Na nemi wurin na kalla, ko gezau ban yi ba. Ka ga bin littafi layi-layi ma ba ya kawo tsoronsa cikin fim.

Af, ka lura lambar ɗakin nan mai ban tsoro na cikin labarin ta sauya? A littafi 217 ne, a fim 237. Masu otal ɗin Timberline da ke Oregon, wanda aka ɗauki hoton wajensa, su suka roƙa a sauya, don kada baƙi su ƙi kwana a ɗakinsu na 217. Cikin otal ɗin kuwa gina shi aka yi a sutudiyon Elstree a Ingila.

Inda na fi jin rashi shi ne ƙarshe. Tun farkon littafin an gaya wa Jack cewa tsohuwar tukunyar tururin da ke ɗumama otal ɗin sai ana rage mata iska kullum, in aka manta za ta fashe. Kowa ya san tukunyar Jack take wakilta. A ƙarshe, yana bin ɗansa da gudumar katako, ya rutsa shi a lungu, sai yaron ya tsaya ya dube shi ya ce wannan ba babansa ba ne. Nan uban na gaskiya ya farfaɗo na ɗan lokaci kaɗan, ya ce wa yaron ya gudu, ya kuma tuna yana ƙaunarsa. Na yi hawaye a nan, ba zan ɓoye maka ba. Daga nan Danny ya tuna wa abin da ke cikin jikin uban cewa ya manta da tukunya, otal ɗin ya tashi da wuta. Dick Hallorann, kukun nan dattijo mai irin baiwar Danny ta jin abin da ke zukatan mutane, wanda ya taso tun daga Florida saboda kiran yaron, ya fitar da uwa da ɗa, ya kuma rayu ya zama musu majingina.

A fim, Hallorann ya yi wannan doguwar tafiya, yana shiga otal aka sare shi da gatari. Jack bai farfaɗo ba ko na ƙiftawar ido. Yaron ya yi masa wayo da sawun ƙafa a cikin lambu, ya bar shi ya daskare a ƙanƙara. Sannan aka nuna mana tsohon hoton bikin 4 ga Yuli 1921, ga Jack a gaba yana murmushi, kamar a ce dama can na otal ɗin ne. King ya taɓa kwatanta bambancin da cewa littafinsa da wuta ya ƙare, fim ɗin kuwa da ƙanƙara. Ni abin da na gani shi ne, a littafin mutum yana da zaɓi har numfashinsa na ƙarshe, ya yi amfani da ɗan abin da ya rage masa ya ceci ɗansa. A fim an rufe wannan ƙofar tun kafin a fara. Kai ka ce wannan ne ya sa fim ɗin ya fi ban tsoro, don babu rahama a cikinsa. Na ji maganarka. Amma ni na fi jin tsoron labarin da rahama take kusa, ana ganinta, hannu yana kaiwa gare ta yana zamewa.

Saboda haka in ka tambaye ni ko fim ɗin yana da kyau, zan ce ƙwarai, ba banza ba Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa a 2018. In ka tambaye ni ko littafin ne aka mayar fim, zan ce an ɗauki otal ɗin da sunayen mutanen da ƙanƙarar, an bar Jack a cikin takarda.

Yanzu ga roƙona. King ya rubuta ci gaban labarin a 2013, Doctor Sleep, inda Danny ya girma yana fama da kwalba irin ta ubansa, Mike Flanagan kuma ya mayar da shi fim a 2019. Ban son in kalla kafin in karanta. In ka sami mai zuwa gida kafin azumi, ka ba shi ya taho mini da shi, zan aiko maka da kilishi da yajin da ka ce kana marmari ta hannunsa in zai koma. Kai kuma don Allah ka sake karanta babin da Jack yake gyaran rufin otal ya ci karo da gidan rina, yana zaune a sama yana tunanin rayuwarsa. Ka karanta shi da dare, yaranka suna barci, sannan ka rubuto mini.

Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan yara. Maman yara tana gaishe ku, ta ce a tambaye ku ko kun sami garin tuwo a can. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da ku lafiya.

Wassalam.

Naka amini har kullum.