Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin New York Kan Masu Shiga Tsakanin Samarinmu

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin New York, Malam Zohran Mamdani.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka tun ranar 1 ga Janairun 2026, ina rubuto maka ne daga Bronx, a matsayina na uba, kuma ɗaya daga cikin dubban 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a wannan yanki. Da Hausa na rubuta domin iyayen da muke haɗa sahu da su a masallaci, 'yan zangon Kumasi da Nima, da mutanen Damagaram da Kano, su karanta su sa baki, don maganar ta shafi 'ya'yanmu duka.

Roƙona a kan mutanen nan ne da ke yawo a tituna cikin dare suna shiga tsakanin samari kafin a zaro bindiga.

A watan Fabrairun 2024, rikicin wasu gungun matasa biyu ya ɓarke a cikin jirgin ƙasa mai lamba 4, aka buɗe wuta a tashar Mount Eden da yamma, lokacin da mutane ke dawowa daga aiki. Mutum ɗaya ya rasu, biyar suka ji rauni. Wannan tasha ce da matanmu da 'ya'yanmu ke hawa da sauka kullum. Kafin nan, a watan Mayun 2022, harsashin da aka harba wa wani ya sami yarinya 'yar shekara 11 a bakin titi a nan Bronx, ta rasu, kuma wanda aka kama da laifin harbin yaro ne ɗan shekara 15. Na ji hukumar 'yan sanda ta ce harbe-harbe sun yi ƙasa a 2025 fiye da kowace shekara tun da aka fara ajiye lissafi. Mun gode wa Allah. Amma Bronx, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanen birnin nan ba, ita ke ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin uku na harbin da ake yi.

Duk wanda ya zauna a unguwa ya san harbi ba ya faɗowa daga sama. Wani ne ya zagi wani a Instagram, ko aka yi waƙa aka ci mutuncin abokin wani da ya mutu, ko aka mari ƙanen wani a gaban budurwarsa. Kwana biyu ko uku maganar na yawo a wayoyin yara, kowa ya san za a yi ramuwa, ban da iyaye da 'yan sanda. A cikin kwanakin nan ne ake iya ceton rai. Ɗan sanda sai an yi harbi ake kiransa, kuma ko ya zo da wuri, yaron da ke tafasa ba zai zauna ya faɗa masa abin da ke ransa ba. Wanda zai saurara shi ne mutumin layinsu, wanda ya taɓa riƙe bindiga, ya yi zaman gidan yari, ya binne abokai, ya dawo ya gyara rayuwarsa. Irin wannan mutum zai iya tsayar da yaro a ƙofar shago ƙarfe biyun dare ya ce masa, ba ni kwana ɗaya kawai, bari in je in ga wancan ɓangaren. Zai iya ɗauke shi a mota ya kai shi gidan goggonsa har zuciya ta huce. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan shi ne aikin ƙungiyoyi irin su Save Our Streets a Mott Haven da Morrisania, da Bronx Rises Against Gun Violence, da kuma ma'aikatan Stand Up to Violence da ke zuwa bakin gadon wanda aka harba a asibitin Jacobi tun kafin abokansa su gama shirya ramuwa. Asalin tsarin daga Chicago yake. Wani likita, Gary Slutkin, wanda ya yi shekaru yana yaƙi da kwalara da tarin fuka a Somaliya, da cutar ƙanjamau a Uganda, ƙasar da aka haife ka, ya koma gida ya lura cewa harbi yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum yadda annoba ke yi. A shekarar 2000 ya fara gwada dabarar a unguwar West Garfield Park. Mu kam da muka taso inda sarkin zango ko mai unguwa ke kiran ɓangarori biyu zaure ya yi musu sulhu kafin magana ta kai caji ofis, abin bai zo mana baƙo ba.

Ba zan ce maka aikin yana cin nasara ko'ina ba, don ba haka ba ne. An gwada makamancinsa a Pittsburgh, binciken da aka yi bai ga raguwar kisa ba. Amma a nan birninmu akwai shaida. Binciken Kwalejin John Jay na 2017 ya nuna raunukan harbi sun ragu da kashi 50 cikin 100 a yankin East New York da ƙungiyar Man Up ke aiki, alhali a unguwar da aka kwatanta da ita kashi 5 kawai suka ragu. A Kudancin Bronx an sami raguwar kashi 37, a inda aka kwatanta kuma kashi 29. Tazarar ba ta da yawa a nan, amma kowane kashi ɗaya ɗan wani ne. Sannan rahoton ofishin mai binciken kuɗin birni na 2025 ya gano harbi ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar a wuraren da shirin ke aiki. A fahimtata, bambancin inda aka ci nasara da inda aka gaza yana ga mutanen da aka ɗauka, da horon da aka ba su, da kuma ko an bar su sun daɗe a wurin har an yarda da su.

A nan ne damuwata take, ranka ya daɗe. Rahoton na 2025 ya kuma nuna cewa ƙungiyoyin nan kan yi watanni da yawa suna jiran birni ya biya su kuɗin aikin da suka riga suka yi. Yawancinsu ƙananan ƙungiyoyi ne na unguwa, ba su da taskar da za su ɗebo albashi kafin kuɗin gwamnati ya iso. Sai su ci bashi, ko su rage ma'aikata, ko ma'aikacin da ya fi kowa iya aikin ya gaji ya koma tuƙin mota don ya biya hayar gida. Ranar da ya tafi, ya tafi da amincin da ya yi shekaru yana ginawa da yara talatin ko arba'in, kuma ba a gadon wannan aminci da takardar ɗaukar sabon ma'aikaci. Babu wanda zai yarda a ce 'yan kwana-kwana su jira rabin shekara kafin a biya su. Me ya sa wanda ke tsayawa tsakanin bindigogi biyu ba tare da sulke ko makami ba shi ne zai yi ta jira?

Ga shi kuma ƙofar Washington ta rufe. Dokar da majalisar ƙasa ta zartar a watan Yunin 2022 ta ware dala miliyan 250 domin irin wannan aiki. A Janairun 2025 aka rufe ofishin hana rikicin bindiga na Fadar White House, a watan Afrilu kuma Ma'aikatar Shari'a ta soke ɗaruruwan tallafi na sama da dala miliyan 800, ciki har da na masu shiga tsakani a birane da dama. Nauyin ya dawo kan birni da jiha. Lokacin yaƙin neman zaɓe ka yi alƙawarin kafa sashen kula da tsaron al'umma mai kasafin dala biliyan 1.1, da ninka kuɗin da ake ba waɗannan ƙungiyoyi. Da yawa daga cikinmu mun ji wannan alƙawari, mun kuma riƙe shi. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a yi maganar sababbin ofisoshi, a fara da biyan waɗanda ke kan titi a kan lokaci, a ba su kwangilar shekaru masu yawa maimakon ta shekara ɗaya-ɗaya, a ba su albashin da mutum zai riƙe iyali da shi. A kuma kula da lafiyarsu da ta zukatansu. A Baltimore, tsakanin Janairun 2021 da Janairun 2022, an kashe ma'aikata uku na Safe Streets, shirin masu shiga tsakani na can. Mutumin da ke halartar jana'izar yaran da ya yi ta ƙoƙarin ceto yana bukatar wanda zai saurare shi shi ma.

Don Allah kada a bari a mayar da su 'yan leƙen asirin 'yan sanda. Ranar da yaro ya zargi cewa abin da ya faɗa wa mai shiga tsakani zai isa ofishin 'yan sanda, aikin ya mutu, ran ma'aikacin kuma yana cikin haɗari. Ba na gaba da 'yan sanda, wanda ya yi kisa dole a kama shi, kuma bindigogin da ake shigowa da su ta babbar hanyar I-95 daga Virginia da Georgia da jihohin Carolina aikinsu ne su tare. Kowa ya tsaya a nasa fagen.

Sai maganar da ta fi taɓa ni. Ranka ya daɗe, a gidajenmu akwai yaran da aka haifa a nan, suna Hausa ko Fulatanci ko Twi da iyayensu, suna wata rayuwa dabam a titi wadda iyayen ba su san da ita ba. Uba yana tuƙi sa'a goma sha biyu, uwa tana aikin jinyar tsofaffi a gidajen mutane, yaro ya tashi daga makaranta babu kowa a gida. Idan ya shiga matsala, kunya kan hana iyaye faɗa, wasu ma sai su tura shi gida Afirka a ɓoye. Kiran 'yan sanda kuwa abu ne mai nauyi ga al'ummar da ba ta manta da Amadou Diallo ba, ɗan Gini da 'yan sanda suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansu a Soundview a 1999, balle yanzu da tsoron jami'an shige da fice ya cika gidaje. Ga kuma samarin da suka iso daga Gini da Senegal da Mauritaniya tun daga 2022, ba dangi, ba takardar aiki. Waɗannan su ne masu sauƙin ja.

Muna bukatar masu shiga tsakani daga cikinmu, waɗanda za su iya zama da uwa su yi mata bayani da harshenta, su san yadda ake shiga gidanmu da sallama, su kuma san yaren titi. Muna da irin waɗannan samari. Lokacin gobarar Twin Parks a Janairun 2022, wadda ta ci rayuka 17, akasarinsu 'yan Gambiya, birni ya ga yadda masallatanmu da ƙungiyoyinmu suka tashi cikin sa'o'i suka tattara jama'a. A yi amfani da wannan hanya, a horar da matasanmu, a haɗa limamai da ƙungiyoyin da suka riga suka ƙware, a kuma buɗe wa yaranmu ƙofar aikin bazara da birni ke ba matasa, da bayani cikin harsunan da iyayensu ke ji. Mu iyaye ma akwai namu nauyin, na daina ɓoye matsalar 'ya'yanmu, kuma zan ci gaba da faɗar haka a duk inda muka taru.

Sabuwar shekarar kasafin birni tana farawa ranar 1 ga Yuli, daidai lokacin da makarantu ke hutu, zafi ya tsananta, harbi kuma ya ƙaru. Ina roƙonka kuɗin ƙungiyoyin nan ya kasance a hannunsu kafin wannan rana. Ina kuma gayyatarka ka zo Bronx wata Juma'a bayan an idar da salla, ka taho da ma'aikatan da ke wannan aiki, ku zauna da iyaye mu yi magana ido da ido.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani uba mazaunin Bronx