Fiya-fiya da bugun zuciya

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni fili in yi magana kan yadda muke wasa da maganin ƙwari, musamman fiya-fiya.

Zuciya fa da wutar lantarkinta take aiki. Akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a ɗakinta na sama ta dama, su ke kunna kowane bugu, in an bar su su kaɗai sai su kai kusan 100 a minti ɗaya. Jijiyar bagus da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ita ke taka musu burki, tana sakin sinadarin asetilkolin, shi kuma ya buɗe ƙofofin fotashiyam (wani sinadari mai ɗauke da caji) da ke jikin ƙwayoyin, fotashiyam ya fice daga ƙwayar, cajin ya yi ƙasa, sai ta daɗe kafin ta sake tartsatsi, shi ya sa mutum in yana hutawa bugunsa ke zama wajen 70. In ka tsorata kuma wani sinadari mai suna noradiranalin ne ke ƙara shigar sodiyam da kalshiyam (su ma masu ɗauke da caji ne) cikin ƙwayar, ka ji gabanka na dukan uku-uku.

To fiya-fiya abin da yake yi, yana hana jiki rusa asetilkolin ɗin ne. Sai ya taru, miyau na dalala, gumi, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi na sarƙewa, bugun zuciya na iya yin ƙasa sosai. Amma wallahi sai ka ga an fesa a ɗaki an rufe ƙofa yara na ciki, wasu har a buhun wake suke zubawa.

Wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa a bar batun ɗura masa manja ko madara, a garzaya asibiti da kwalbar maganin a hannu, akwai allurar atirofin da likitoci ke yi.

Naku,
Mai karatu daga Gusau