Zuwa ga abokan cinikinmu: batun tsirran da ke ruɓewa a akwatin kifi

Assalamu alaikum.

Tun shigowar bazara, da wuya a wuni ba a sami mai turo mana hoto ta WhatsApp ba, yana cewa tsiron da ya saya a wajenmu ya ruɓe. Mun zauna mun duba hotunan nan, kuma maganar gaskiya muna da namu laifin. Mun ƙulla muku a leda, mun karɓi kuɗi, ba mu tsaya mun yi bayani ba.

Wanda aka fi kawo ƙararsa shi ne Anubias, mai kaurin ganyen nan kore shar. Ɗan gida ne ma, asalinsa bakin rafukan dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru, inda yake maƙalewa jikin dutse da itace a cikin inuwa. Shi ya sa ba a binne shi. Ku duba da kyau, za ku ga wani kara mai kauri a kwance, ganye na fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasansa. Da zarar an cusa karan nan cikin tsakuwa, ruɓewa zai yi. Ku ɗaure shi da zaren ɗinki a jikin dutse ko guntun itace, in ya kama da kansa sai ku cire zaren. Haka ake yi wa Java fern, shi ma tsiro ne mai irin wannan kara. Vallisneria mai dogon ganye kamar ciyawa ita ce ake shukawa a yashi, ita ma saiwar kaɗai ake rufewa. Kuma Anubias ba ya sauri, yakan yi makonni kafin ya fitar da sabon ganye guda. In kun ga shiru, kada ku tumɓuke shi don dubawa.

Masu ajiye akwati bakin taga don tsiro ya sha rana, gansakuka kawai kuke nomawa. Fitilar LED ta awa 6 zuwa 8 a rana ta wadatar.

Zafi ne babbar matsalarmu yanzu. Tsirran nan sun fi son ruwan da ke tsakanin digiri 22 da 28, ga shi a watan Afrilu garin nan na Kano yakan kai 40. A buɗe murfin, a saita ƙaramar fanka tana busa saman ruwan. Don Allah kada a zuba ƙanƙara, sanyin farat ɗaya yana wahalar da kifi. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a bokiti kulorin ɗinsa ya fita, sannan a riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan akwatin duk mako.

Mai karfasa ko goldfish kuwa, abinci ya saya musu in ya zuba tsiro mai laushin ganye. Wannan ko mu ba mu da maganinsa.

Ga abin da muka yanke. Mun dakatar da sayar da tsirran nan masu jan ganye har sai damina ta sauka, don suna buƙatar haske mai ƙarfi da kulawar da wutar lantarkinmu ba ta bari a yi. Duk wanda Anubias ko Java fern ɗinsa ya ruɓe cikin mako 2 da saye, ya zo da hoton akwatinsa, za mu ba shi wani kyauta, a ɗaure a kan dutsensa. Ranar Juma'a muna rufewa ƙarfe 12, mu buɗe bayan la'asar.

Mun gode da haƙurinku.

Naku,
Masu shago